Marian Stamp Dawkins

Marian Stamp Dawkins masaniyar halayyar dabbobi ce 'yar ƙasar Birtaniya, kuma farfesa a Jami'ar Oxford. An haife ta ranar 13 ga Fabrairu, 1945, a garin Hereford na Ingila. Ta yi suna ne da binciken da ta shafe fiye da shekara arba'in tana yi a kan kajin gidan gona, na ƙwai da na nama. A wurinta, jin daɗin dabba ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: shin tana da lafiya, kuma tana samun abin da take so?

Karatu

Ta yi karatu a Kwalejin Somerville ta Oxford, ta kammala digirin digirgir a 1970 a ƙarƙashin masanin halayyar dabbobi Niko Tinbergen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973. Bincikenta na digirin ya shafi yadda tsuntsu ke koyon gane abincin da ya saje da ƙasa. Ta zama malamar ilimin dabbobi a jami'ar a 1977, ta kai matsayin farfesa a 1998.

Tambayar kaza da kanta

Lokacin da ta shigo fagen, ana ta cacar baki a Birtaniya kan kejin waya da ake cusa kajin ƙwai a ciki. Kwamitin Brambell da gwamnati ta kafa ya fitar da rahoto a 1965, har ya ba da shawarar a daina yi wa keji daɓe da siririyar waya, a koma mai kauri. Da wasu masana biyu, Hughes da Black, suka bai wa kajin zaɓi a 1973, sai aka ga siririyar wayar suka fi son tsayawa a kai. Tausayin mutum, ashe, yana iya kuskure abin da kaza ke buƙata.

Wannan hanya ta ba da zaɓi ita Dawkins ta ɗauka ta faɗaɗa. A 1977 ta wallafa gwajin da ta bai wa kaji zaɓi tsakanin keji da fili a waje. Waɗanda suka tashi a keji sun fara komawa inda suka saba, amma da suka ɗanɗana filin sai suka juya masa. Nan ta nuna cewa zaɓin farko ba hujja ba ne, don sabo na shiga ciki.

Daga nan ta aro wata dabara daga masana tattalin arziki. Kayan masarufi ko sun yi tsada mutum zai saya, kayan marmari kuwa da farashi ya hau sai a haƙura. Ta ce haka za a auna kaza: a ɗora wa abin da take so wahala, ko a sa ta zaɓa tsakaninsa da abinci, a ga inda za ta tsaya. Sakamakon da ta wallafa a 1983 bai yi wa masu adawa da keji daɗi sosai ba, domin kaza mai jin yunwa abinci ta zaɓa, ta bar shimfiɗar da take tono da birgima a ciki. Dawkins ta buga shi yadda ya fito, kuma wannan hali ne ya sa manoma da 'yan rajin kare dabbobi duk suke sauraronta.

A 1989 ita da Sylvia Hardie suka auna filin da kazar ƙwai ke ci in tana motsinta na yau da kullum. Tsayuwa kawai tana cin kimanin santimita murabba'i 475, juyawa fiye da 1,200, kaɗa fukafukai kusan 1,900. Dokar Turai ta lokacin kuwa santimita murabba'i 450 ta ware wa kowace kaza, filin da bai kai faɗin takardar A4 ba. A shekarar ne kuma ta bi kajin daji jajaye, kakannin kajin gida, a gidan namun dajin Whipsnade, ta ga mafi yawan yininsu a caccakar ƙasa da tono yake ƙarewa, ko da an ba su abinci. Tarayyar Turai ta haramta tsohon kejin daga 2012, bayan hujjojin masana da dama da matsin lambar jama'a.

Babban binciken kajin nama

Aikinta da aka fi ambato ya fito a mujallar Nature a 2004, tare da Christl Donnelly da Tracey Jones. Kamfanoni goma suka shiga, aka bi kaji kusan miliyan 2.7 a ɗakunan kiwo na gaske. An zuba su a matakan cunkoso biyar, daga kilo 30 zuwa kilo 46 na nauyin kaji a kowace mita murabba'i. Inda cunkoso ya fi yawa, kajin sun fi tunkuɗar juna, girmansu ya ragu, tafiyarsu ta fi lalacewa. Sai dai bambancin mace-mace da ciwon ƙafa ya fi fitowa tsakanin kamfani da kamfani. Abin da ya raba su shi ne zafi da laimar ɗaki, da jiƙewar shimfiɗa, da iskar amoniya da ke tashi daga kashin kaji. Wasu sun so su fassara wannan da cewa cunkoso ba komai ba ne, alhali binciken bai faɗi haka ba. Abin da ya nuna shi ne rage yawan kaji kaɗai ba ya gyara ɗakin da iskarsa ta ɓaci.

Daga baya ta koma ga kyamara. Tsarin da ita da abokan aikinta suka ƙirƙira ba ya bin kaza ɗaya ɗaya, yana auna motsin garken ne gaba ɗaya ta kwamfuta. Garke mai guragu da yawa motsinsa ba ya tafiya bai ɗaya, kuma ana iya ganin alamar tun kajin suna ƙanana. A 2016 suka ba da rahoton cewa tsarin na iya bambanta garken da ke ɗauke da ƙwayar Campylobacter, mai sa mutane gudawa.

Littattafai, suka da lambobin yabo

Littafinta Animal Suffering na 1980 yana cikin na farko da suka ɗauki wahalar dabba a matsayin abin da kimiyya za ta iya bincika. Why Animals Matter na 2012 ya jawo mata suka, saboda ta dage cewa kimiyya ba ta kai ga tabbatar da abin da dabba ke ji a ranta ba, don haka a gina hujja a kan lafiya da zaɓi. Masu sukar suna ganin taka-tsantsan ɗin ya yi yawa. A 2014 aka zaɓe ta cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, aka kuma ba ta lambar girma ta Birtaniya, CBE.

Abin da ya shafi makiyayan Bauchi da Gombe

Mai kiwon buroila, wato kajin nama, a Bauchi ko Gombe zai gane binciken 2004 ba tare da an yi masa dogon bayani ba. A Maris da Afrilu, zafi kan kai digiri 40, kaji su buɗe baki suna haki, su saki fukafukai, su rage cin abinci. Da damina kuma diddigar katako ko ƙaiƙayin shinkafar da aka shimfiɗa ke jiƙewa, musamman a gindin mazubin ruwa, wari ya hau ido, tafin ƙafar kaji ya yi gyambo. Lokacin hunturu ana rufe tagogi da leda ko buhu don 'yan tsaki su ji ɗumi, sai iska ta tsaya. Duk ukun su ne abubuwan da ta gano sun fi tasiri.

Alƙalumanta kuwa ba a kwafo su kai tsaye. Ta samo su ne a rufaffun ɗakunan kiwo na kamfanoni, a yanki mai sanyi. Galibin ɗakunan kiwo a jihohin biyu buɗaɗɗu ne, rabin gini rabin raga, iskar Allah kaɗai ke ratsa su, don haka ko mafi ƙarancin cunkoson da ta gwada, kilo 30, yana iya yi wa irin wannan ɗaki yawa da bazara.