Majalisar gunduma, kasafin kuɗi da gidajen tsare baƙi a Amurka: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

'Yan'uwa, tambayoyin nan dai su ne kullum, a ƙofar masallaci, a waya, har a wurin suna. Ga amsoshin a wuri guda. Misalan na New Jersey ne domin nan nake zaune.

Ba gwamnatin tarayya ce ke kama baƙi ba? Ina ruwan gunduma?

Tarayya ce ke kamawa, ta hannun hukumar kula da shige da fice ta ICE da aka kafa a 2003. Amma gidajenta na kanta ba su ishe ta ba, haya take yi: ko a kurkukun gunduma, ko a wurin kamfanoni irin su GEO Group da CoreCivic. In kurkukun gunduma ne, sai shugabannin gundumar sun amince da kwangilar.

Me gunduma ke samu?

Kuɗi mana. Ana biyanta a kan kowane mutum, kowane kwana. Gundumar Hudson dala 120 take karɓa lokacin da take da kwangilar. Ka ƙaddara mutum 500 ne a tsare, ka buga lissafin shekara, za ka ga kusan dala miliyan 22. Kuɗin nan cikin kasafi suke shiga, a biya gandurobobi albashi, a kauce wa ƙarin harajin gidaje. Shi ya sa in ka miƙe a taro kana faɗin zaluncin da ake yi, kwamishina, wato ɗan majalisar gunduma, zai saurare ka har ka gama, sannan ya tambaye ka da me za a cike giɓin. Wanda bai zo da amsar wannan ba, rabin maganarsa ta faɗi.

Zan iya jefa ƙuri'a a zaɓen kwamishinoni da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin?

A'a. Kada ma ka cike takardar rajista, ko wa ya miƙo maka. Mutum ya ce shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, yana iya jawo masa kora ta har abada.

Surutun da ake yi a taron majalisa yana canza wani abu kuwa?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, domin masu yin ta yawanci ba su taɓa leƙa taron ba. A Nuwamban 2020 kwamishinonin Hudson suka zauna ta intanet a kan sabunta kwangilar ICE. An shafe sama da awa goma, mutane na ta karɓar magana suna cewa ba su yarda ba. Duk da haka kwamishina 6 suka amince, 3 suka ƙi. Da yawa sun kwana da baƙin ciki a ranar. Shekara ba ta cika ba gundumar ta sanar za ta daina tsare wa ICE mutane. Essex ta riga ta a Afrilun 2021, ta cike gadajen da fursunonin gundumar Union, wato ta nemo wani kuɗin. A Agustan shekarar Gwamna Phil Murphy ya sa hannu a dokar hana sabuwar kwangila ko sabunta tsohuwa.

To ai an gama ke nan?

Ina fa. CoreCivic ta kai ƙara a kan dokar, a 2023 alƙalin tarayya ya ce jiha ba ta da ikon hana tarayya hulɗa da kamfanin, gidansu na garin Elizabeth ya ci gaba da aiki. A Mayun 2025 GEO Group ta buɗe gidan tsare baƙi na Delaney Hall a Newark, mai gado 1,000. Magajin gari Ras Baraka ya yi ta jayayya a kan takardun izinin ginin, har aka kama shi a wurin ranar 9 ga Mayu, daga baya aka janye tuhumar. A Yulin 2025 majalisar tarayya ta ware dala biliyan 45 don tsare baƙi. Ikon gunduma a kan kurkukunta yake. Ikon gari a kan izinin gini ne, da dokar amfani da fili, da binciken kashe gobara.

Takarduna ba su kammala ba. In je taron in yi magana?

Nan sai mu tafi a hankali, domin ba amsa ɗaya ce ga kowa ba. Taron a buɗe yake ga jama'a bisa doka, ba a tambayar fasfo a ƙofa, kuma 'yancin magana bai tsaya ga 'yan ƙasa kaɗai ba. Wannan a takarda ke nan. A aikace, mai magana yakan faɗi sunansa da garinsa, wani wurin har adireshi, ana naɗar bidiyo, a ɗora a intanet ya zauna. Wasu gine-ginen gunduma kuma haɗe suke da kotu ko ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, akwai bincike a ƙofa.

In ka zama ɗan ƙasa, ba ka da uzuri, ka je. In girin kad ne da kai kuma ba ka taɓa samun matsala da 'yan sanda ba, a ganina haɗarin kaɗan ne, amma ba zan ce babu ba, musamman yanzu da abubuwa ke sauyawa da sauri. In an taɓa kama ka, ko da tuntuni ne, ko da an kori ƙarar, ka fara ganin lauyan shige da fice. In kana jiran hukuncin neman mafaka, ko bizarka ta ƙare, ko an taɓa ba ka umarnin barin ƙasa, shawarata kada ka hau mumbari. Ka rubuta abin da ke ranka, wani ɗan ƙasa ya karanta a madadinka ba tare da sunanka ba. Liman zai iya, ɗanka da aka haifa a nan zai iya in ya girma, sai dai shi ma ya kula kada ya bayyana halin da iyayensa ke ciki. Ko ka je ka zauna kawai, cikar ɗaki ma kwamishinoni suna ganinta. Kuma ke mai yara a hannu, ki kwantar da hankalinki, ƙin yin magana ba tsoro ba ne. Ni ba lauya ba ne, kada wani ya ɗauki wannan a matsayin fatawar shari'a.

In an rufe gidan da ke kusa, ana sakin mutane?

Wasu. Da yawa ɗauke su ake yi zuwa nesa, irin su Louisiana da Texas, inda iyali ba sa iya ziyara, lauya ma sai da wahala. A kotun shige da fice gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta. Saboda haka wadda ta ce a bar gidan kusa, ba lallai maƙiyiyarmu ba ce, wataƙila mijinta ne a ciki. Ku daina zagin juna a kan wannan. Ni ina goyon bayan rufewa, amma a haɗa da kuɗin lauyoyi a kasafi.

Mene ne 287(g)?

Sashen doka ne tun 1996 da ke ba 'yan sandan gunduma damar yi wa ICE wani ɓangare na aikinta. Yawanci sherif ne ke sa hannu, shi kuma a mafi yawan wurare zaɓensa ake yi.

Wane zama ne ya fi muhimmanci?

Zaman kasafi. A New Jersey dole a saurari jama'a kafin a amince da shi. Ana sa ajandar a shafin gunduma kafin ranar. Ka buɗe ɓangaren kuɗin shiga, ka nemi layin da ya shafi kurkuku da kuɗin tarayya. Mintoci kaɗan za a ba ka, saboda haka ka taƙaita gaisuwa, ka faɗi lambar, in akwai kwangila ka tambayi ranar da za ta ƙare da kuma wanda ke da ikon sabunta ta.