Tafiya neman magani waje daga Damagaram

Tafiya neman magani waje ita ce mutum ya bar garinshi ko ƙasarshi ya tafi wani wuri don a duba shi ko a yi mishi aiki, galibi a asibitin kuɗi, wato kilinik mai zaman kanshi, shi da danginshi ne ke biyan komi tun daga kuɗin mota har na gado. Ta bambanta da fitar da gwamnati ke yi wa ma'aikatanta da manyan ƙasa, inda kwamitin likitoci ke duba dosiye a Yamai kafin a sa hannu baitulmali ya biya. Mafi yawan mutanen Damagaram ba su cikin wannan layi, nasu daga aljihu ne, ko daga sayar da fili, ko shanu, ko karo-karon dangi.

Inda ake zuwa

Abin da ya sa maganar Damagaram ta fita daban shi ne wurin da garin yake zaune. Yamai kusan kilomita 900 ce, yini guda cur a cikin kar, ga marar lafiya kuwa wannan ba ƙaramar azaba ba ce. Kano kuwa wajen kilomita 240 kawai, a bi ta Matamaye a fita Ɗan Barto a shiga Kwangwalam, Daura, Kazaure, in an yi sammako kuma boda ba ta riƙe mutum ba to kafin la'asar an sauka. Shi ya sa ga talakan unguwar Zango ko Birni "waje" na farko Kano ce, ƙasar wasu ce a takarda amma harshe ɗaya, abinci ɗaya, kuma da wuya a samu gidan da ba shi da ɗan'uwa ko abokin kasuwanci can da za a sauka wurinshi. Ciwon ido ne ya fi daɗewa yana kai mutane, asibitin ido na cocin ECWA yana aiki a Kano tun 1943, tsofaffi da yawa can aka cire musu yanar ido. Masu karaya da ciwon ƙashi su nufi asibitin ƙashi na Dala, masu ƙoda su nufi asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, waɗannan biyun na gwamnati ne amma kewaye da su ga kilinik-kilinik da dakunan awo na kuɗi sun cika unguwa, kuma sau da yawa can baƙo ke ƙarewa saboda ba ya iya jiran layi na makonni a garin da yake biyan masauki.

A cikin ƙasa ma akwai irin wannan tafiya. Asibitin Galmi na mishan, wanda aka buɗe a 1950, har yanzu ana zuwa daga nesa don tiyata, kuma su ma 'yan Najeriya suna ƙetarowa su zo, wato hanyar ba gefe ɗaya take kallo ba.

Masu ƙarfi kuma jirgi suke shiga. Tunisiya da Maroko sun fi jan 'yan Nijar saboda likitocinsu da Faransanci suke aiki, dosiyen da aka rubuta a Zinder ana karanta shi can ba tare da tafinta ba. Sai Masar, Turkiyya, Aljeriya da Indiya, ita Indiya an fi zuwanta don zuciya, dashen ƙoda, kansa da aikin ƙashin baya. Da can Khartum ma ana zuwa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da wannan. Su manya ba a ma maganarsu, tsohon firaminista Hama Amadou an fitar da shi Faransa neman magani a Maris 2016 daga gidan kason Filinge, maƙwabcinmu na Daura kuma Muhammadu Buhari ya shafe sama da kwana 100 a jere a Landan a 2017, kuma can Allah ya yi mishi rasuwa ranar 13 ga Yuli 2025 aka kawo shi gida aka rufe.

Me ke korar mutane

Ba wai babu likitoci a gida ba ne. Babban asibitin ƙasa na Zinder yana tiyata, yana wankin ƙoda, jami'ar garin tana koyar da likitanci, ga babban asibitin Maraɗi, ga na Yamai da Sin ta gina aka buɗe a 2016 mai gado 500. Matsalar ita ce ƙwararru kaɗan ne kuma yawancinsu Yamai suke, na'ura in ta lalace sai a yi ta jiran mai gyara, wasu ayyukan kuma ba a daɗe da fara su ba, misali gashin kansa da na'ura sai a 2021 aka fara shi a cikin ƙasa. Kafin nan duk wanda aka rubuta wa gashi to fita ce ko haƙuri. Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba, wasu suna fita don sirri, musamman masu neman haihuwa da masu ciwon da ba su son a ji a unguwa, wasu kuma gaskiya don a ce an fitar da Alhaji waje ne, ciwon da majo na unguwa zai iya yi wa magani.

Kuɗi ma na taka rawa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 kusan sefa 656, naira kuwa ta faɗi sosai tun tsakiyar 2023, sai ya zama wanda ya canza jikkunanshi yana ganin awo da magani a Kano sun yi mishi sauƙi fiye da da. Amma siyasa kan rufe hanyar dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka sake rufewa har zuwa Maris 2024, masu randebu da likita a Kano suka koma bin hanyoyin daji kan kabu-kabu, mutum da robar fitsari a jiki.

Yadda ake shirya tafiyar

Tafiyar Kano ba ta da wani dogon shiri, katin ɗan ƙasa, kuɗi, da wanda ya san gari. Ta jirgi ce mai aiki. Ana fara aika hotunan takardu ta WhatsApp, asibitin can ya maido da takardar ƙiyasin kuɗi da ta gayyata, da su ake neman biza. Indiya tana da bizar jinya ta musamman, tana kuma ba masu rakiya har mutum biyu tasu, kuma sai da katin rigakafin shawara. A tsakanin marar lafiya da asibiti kusan kullum akwai dillali, wani ɗalibi ne da ke karatu can, wani tsohon mai jinya ne da ya gane gari ya mai da abin sana'a, shi zai tarbe ka a filin jirgi ya kama maka ɗaki ya yi maka tafinta. Wasunsu mutanen kirki ne ƙwarai. Sai dai mutum ya sani yawancinsu asibitin ne ke ba su la'ada a kan kowane kai, don haka inda za su kai ka ba lallai ne inda ya fi iya ciwonka ba, inda ya fi ba su kaso ne.

Ƙiyasin kuɗin nan kuma ba shi ne ƙarshe ba, an yi shi ne kan takarda likita bai ga mutum ba. Da an isa za a sake awo daga farko, jini, fitsari, eko, sikana, ko da ka zo da leda cike da hotunan radiyo na gida, kuma in aka samu wani abu da ba a zata ba ko aka ƙara kwana a ɗakin kulawa ta musamman sai lissafi ya tashi, a shiga bugo waya gida a turo ta Nita ko Al Izza ko ta hannun 'yan canji.

Abin da marasa lafiya ke samu a can

In ka zauna da waɗanda suka je suka dawo abin da suke fara yabawa ba na'ura ba ce, tarba ce. An ce musu sannu, an ba su kujera, likita ya zauna ya saurare su ya juyo da allon kwamfuta ya nuna musu ga inda ciwon yake, nas na zuwa da an danna ƙararrawa, makewayi tsaf, ba wanda ya aike su farmasi tsakar dare su sayo safar hannu da sirinji. Ga wanda ya saba da ɗakin mutum takwas da mai jinya kwance kan tabarma a baranda, wannan kaɗai rabin warkewa ne.

Ƙorafin kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina. Na farko kes, wato wurin biyan kuɗi, ba a taɓa mutum sai ya ajiye kuɗin kafin alƙalami, in ajiyar ta kusa ƙarewa za a zo a tuna maka cikin ladabi amma ba fashi, akwai inda ba a ba da takardar sallama sai an cike saura. Na biyu harshe. A Kano magana ba matsala amma takarda matsala ce, dosiye da Faransanci likita da Ingilishi ya yi karatu, sunayen magunguna a ordonansi daban, shi ya sa ake maimaita awon da aka riga aka biya a gida. A Indiya ko Turkiyya kuwa komi ta bakin tafinta yake bi, kuma mace mai ciwon mata ba za ta faɗa wa saurayi ɗan makaranta duk abin da ke damunta ba, a nan ake ɓoye abin da ya kamata likita ya ji. Na uku abinci, tsoho da ya saba da fura da tuwon gero a kawo mishi shinkafa da kayan ƙamshin da bai sani ba sai ya ture tire, masu dabara suna ƙulla garin kunu da kuka da daddawa a jaka su kama ɗaki mai wurin girki kusa da asibiti.

Wanda ya fi shan wuya a tafiyar shi ne mai jinya, kuma ba a cika lissafa shi ba. Shi ke bin layin kes, shi ke wanke kaya, shi ke amsa wayar gida yana cewa da sauƙi alhamdulillahi ko da ba sauƙin, shi ke sa hannu a takardar yarda da aiki wadda bai iya karantawa ba. In kuma rai ya yi halinshi shi kaɗai zai yanke shawara, a rufe can ko a ɗauko gawa, yawanci can ake rufewa saboda sunna ta gaggauta kuma kuɗin ɗauko gawa a jirgi ba kaɗan ba ne.

Dashen ƙoda da doka

Nan ya kamata a yi hattara. Dokar Indiya ta 1994 ta hana saye da sayar da sassan jikin mutum, baƙo sai ya zo da mai ba shi ƙoda daga danginshi da takardun shaidar zumunta, kwamiti ya yi musu tambayoyi kafin a yarda. Sanarwar Istanbul ta 2008, wadda ƙwararrun dashe na ƙasashen duniya suka fitar, ita ma ta yi tir da fataucin gaɓoɓi. Duk dillalin da ya ce kar ka damu akwai mai sayarwa can, to kurkuku ko kabari yake nuna maka.

Bayan dawowa

A ganina nan ne ake gane ko tafiya ta yi riba, ba ranar da aka fito daga ɗakin tiyata ana ta barka a waya ba. Mutane suna tara kuɗin zuwa da na aiki su manta da na kontrol, wato komawa a sake duba su bayan aiki. Likitan da ya yi aikin yana can nesa, ciwo in ya ruɓe ko ɗinki ya buɗe likitan gida za a kai wa, shi kuma in ba a zo mishi da rahoton aikin ba bai san me aka yanke ba, bai san wane irin ƙarfe aka sa ba, sai lalube. Shi ya sa ake son kafin a baro asibiti a karɓi rahoton tiyata, sakamakon awon tsoka in an yi, faifan sikana, da sunan magani na asali ba na kamfani kaɗai ba don a iya samun irinshi a farmasin Zinder. Hawa jirgi ko doguwar mota da wuri bayan babban aiki ma haɗari ne, jini kan daskare a jijiyar ƙafa, amma kuɗin masauki na sa mutane su matsa a sallame su.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda zai sha maganin hana jiki ƙin ta har ƙarshen rayuwa tare da awon jini a kai a kai, in ya yanke na 'yan makonni don kuɗi sun ƙare ƙodar na iya mutuwa ya koma kan injin wanki. Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya da awo da kwanciya da rabi a asibitocinta, ta kuma soke sefa 150.000 da mai wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara mishi, amma ragin bai shafi kilinik na kuɗi ba, kuma bai shafi maganin da aka rubuto wa mutum daga waje ba.