Tambayoyin da ake yi mini kullum kan allurar barci

A ɗakin tiyata nake aiki a nan Kano. Na gaji da maimaita amsoshin nan a waya, don haka ga su wuri guda.

Mece ce allurar barci?
Maganin da ke hana jin zafi lokacin aiki. Ko a sa ka barci gaba ɗaya, ko a kashe daga ƙugu zuwa ƙasa da allurar baya, ko a kashe wurin kaɗai, kamar wajen cire haƙori.

Idan ban farka ba fa?
Kwantar da hankalinki, Hajiya. Akwai ma'aikacin da ba ya ɗagawa daga kanki, aikinsa duba numfashi da bugun zuciya har ki farfaɗo. Tun 1846 da aka fara nuna wannan ilimi a bainar jama'a a Amurka ake ta inganta shi.

Me ya sa ake hana cin abinci?
Abin da ke ciki na iya dawowa ya shiga huhu. Awa 6 babu abinci, ko a Murtala ne, ko Asibitin Malam, ko Dala. Masu jinya, don Allah ku daina ba mara lafiya koko a ɓoye! Koko abinci ne, shayi da madara ma haka.

Ina shan magani, in daina kafin aiki?
Ya danganta, kuma ba kai ke yankewa ba. Wani maganin hawan jini ana sha har safiyar aikin da ɗan kurɓin ruwa, wani ana tsayar da shi. Na suga galibi ana ragewa, tunda ba ka cin abinci, kada sugan ya faɗi. Masu tsinka jini kan buƙaci a tsaya kwanaki, amma wanda aka ba don ciwon zuciya, tsayarwar ma tana da haɗari. Na gargajiya kuwa, ko daga Kurmi ka saya, ka faɗa, don wasu suna ƙara zubar jini.

Samari, in kana shan tramadol ko kodin, ka faɗi gaskiya. Jikinka ya saba, maganin zafin da ke isar kowa ba lallai ya ishe ka ba. Sirrinka ne, ba ya fita. Mai sikila ko asma ma ya faɗa tun wuri. Ka kwaso magungunan duka a leda ka nuna wa likitan barci.

Allurar baya na barin ciwon baya har abada?
A'a. Wurin allurar kan yi tsami na 'yan kwanaki. Amma in ciwon kai ya kama ki, yana ƙaruwa in kin tashi zaune, ki dawo asibiti.