Saƙon da ke cikin dakashi: kira ga iyaye mata da kakanni

A aikinmu na zagayawa ƙauyukan da ke kewayen Sakkwato, abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin an tatse dakashi an zubar. Na taɓa shiga ɗakin wata mai jego kwana ɗaya bayan haihuwa, na tarar kakar jaririn tana ɗiga masa ruwan ɗumi da cokali, tana cewa nonon farko ya yi kauri, ya yi rawaya, ba zai shiga cikin jikanta ba sai ya washe. Ƙauna ce ta sa ta yin haka, amma abin da ake zubarwa ya fi ƙarfin abinci kawai.

Masana sun gano cewa ƙwayoyin halittar jikinmu suna fitar da wasu ƙananan ƙunshi masu rufin kitse, waɗanda suke ɗauke da sinadarai da saƙonni daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ƙanƙantarsu ta kai ga idan aka jera dubu daga cikinsu, da ƙyar su kai kaurin silin gashi ɗaya. A shekarar 1987 wata masaniya a Kanada, Rose Johnstone, ta raɗa wa wani nau'insu suna eksozom, kuma a lokacin an ɗauka shara ce kawai da ƙwaya take fitarwa. A 1996 Graça Raposo da abokan aikinta suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini suna aika irin waɗannan ƙunshi don su zaburar da ƴan'uwansu masu tsaron jiki.

Abin da ya shafe mu kai tsaye ya fito ne a 2007, lokacin da masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka samu waɗannan ƙunshi a cikin nonon uwa, har da dakashi. Da suka haɗa su da ƙwayoyin garkuwar jiki a ɗakin gwaji, sai suka ga ƙwayoyin da ke kwantar da garkuwa sun ƙaru, wato waɗanda ke hana ta wuce gona da iri. Jariri yana zuwa duniya da garkuwa ɗanya wadda ba ta san aboki ba, ba ta san maƙiyi ba, kuma ta hanyar nono uwa take miƙa masa kariya da horo a lokaci guda. Madarar gwangwani da nonon akuya ba su ɗauke da saƙon jikin uwarsa.

Saboda haka a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a bar shi ya sha dakashin duka. A shayar da shi nono zalla har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani ma ya ambata a Suratul Baƙara.

Na san zafin bazarar Sakkwato, kuma na san shi ne ke sa uwa ta ji tausayin ɗanta ta ba shi ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne mai tsabta, alhali ruwan randa kan shigar da gudawa. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa, ta kuma ƙara yawan shayarwa. Idan nono ya ƙi kawowa ko mama ya kumbura yana ciwo, a kai mai jego asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira sai bayan suna.