An rubuta maka bashin da ba naka ba: yaya za ka wanke sunanka?

Wace takarda ce wannan da banki ke dubawa kafin ya ba da rance?

Rahoton tarihin bashinka ne. A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Banki, CBN, ya ba lasisin tattara shi: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da masu ba da rance ta manhajar waya suna tura musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, da yadda yake biya, kuma lambar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, ita ce ke haɗa bayanan da mai su. Daga nan ake fitar wa mutum maki. Na CRC daga 300 ne zuwa 850, kuma iya hawan makin iya yardar da mai ba da rance zai yi da kai.

To ta ina kuskure yake shigowa?

Ta ƙofofi da yawa. Ma'aikaci ya karɓi rancen albashi, ana cire masa kuɗi duk wata, yana ganin cirar a takardar albashinsa, amma wurin aikin bai tura wa banki a kan lokaci ba. A rahoto shi ne mai taurin bashi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya biya bashinsa tas, banki ya manta bai rufe asusun ba, ko wani ɗan caji ya saura yana ta haihuwa shekara da shekaru. Wani kuma ɓarayi ne suka samu BVN ɗinsa suka ci bashi ta manhaja da sunansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin mutane ba sa sanin komai sai ranar da suka je neman jari, an cika fom, an kawo masu tsayawa, sannan a ce musu a'a ba tare da wani gamsasshen bayani ba.

Zan iya ganin rahoton nawa?

Ƙwarai kuwa. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba ka haƙƙin karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema a wurin duka ukun, domin abin da ke wurin wannan ba lallai ya kasance wurin wancan ba.

Na ga bashin da na riga na biya. Me zan yi?

Ka fara da hujja kafin ka fara da faɗa. Tattara rasit, saƙonnin cirar kuɗi da ke wayarka, da bayanan shige da ficen asusunka. Je wurin wanda ya ba ka rancen ka nemi takardar shaidar cewa ba ya binka ko sisi, mai hatimi da sa hannu. Wannan takardar ita ce makaminka. Sannan ka rubuta ƙorafi zuwa gare shi da kuma kamfanin da ya fitar da rahoton, ka ambaci lambar asusun da adadin da ba daidai ba, ka haɗa kwafin hujjojin. Ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. Maganar baki a gaban kantar banki ba ta barin sawu, gobe ma'aikacin zai ce bai san da zancen ba.

Doka ta ba su kwana 10 na aiki su bincika su ba ka amsa. In sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. In can ma abin ya faskara, ƙofar kotu a buɗe take.

Wani ya ce in ba shi kuɗi ya goge mini sunana gaba ɗaya. In yarda?

Kada ka yarda. Kuskure kaɗai ake gyarawa, kuma shigar da ƙorafi abu ne da za ka yi da hannunka. Bashin da ka ci da gaske ka yi jinkirin biya zai zauna a rahoton tsawon shekaru, babu dillalin da zai kankare shi. Mafi muni, irin waɗannan sukan nemi BVN da lambar sirri, ka ga an ba kura ajiyar nama.

Da zarar an gyara, makina zai hau?

Zai hau in kuskuren ne ya danne shi, amma sai wanda ya ba ka rancen ya tura gyaran, kamfanin rahoton kuma ya sabunta bayanansa. Bayan 'yan makonni ka sake neman rahoton a duka wuraren uku, ko da sai ka biya kuɗin sake dubawa, don sau da yawa a gyara a wuri ɗaya a bar shi a sauran biyun.