Waiwaye: Daga ina maganaɗisun robar da ke ɗaukar lantarki yake fitowa?

Duk lokacin da wani ɗakin bincike ya sanar cewa ya samu polima (wato roba mai doguwar sarƙar kabon) mai halin maganaɗisu a zafin ɗaki, sai gardama ta tashi: daga sarƙar kabon ɗin ne, ko daga ƙurar ƙarfen da ta shiga ciki? Gardamar nan ta daɗe.

A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna cewa poliasetilin (wani nau'in polima) da aka turara da aidin yana ɗaukar lantarki, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2000. A 1979 lissafin Su da Schrieffer da Heeger ya bayyana cewa lahani a jikin sarƙar kan bar ilektron guda ba abokin haɗi, kuma irinsa ne ke amsa kiran maganaɗisu. Sai dai idan aka ƙara sinadarin da ke sa robar ɗaukar wuta, ilektron ɗin kan haɗu bibbiyu su soke juna. Ko sinadarin p-NPNN na 1991, wanda ba ƙarfe a cikinsa, sai a sanyin kelbin 0.6 (dab da iyakar sanyi, kusan -273 a ma'aunin Celsius) yake zama maganaɗisu na dindindin.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru a 2005, kuma ba a kan polima aka yi shi ba. Masu bincike a IBM sun auna siririn shafen hafniyam oksaid, suka ga babu maganaɗisu, har sai da aka kama samfurin da hantsakin ƙarfe marar tsatsa. Taɓawar nan kaɗai ta bar ƙurar ƙarfen da ta haifar da alamar maganaɗisu. Lissafin mai sauƙi ne: giram ɗaya na magnetait, wato oksaid na ƙarfe mai maganaɗisu, yana ba da kusan emu 90 (emu ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Kashi 10 cikin miliyan na magnetait a samfurin miligiram 10 zai ba da kimanin emu 0.00001, wato ninki dubu na abin da na'urar SQUID mai auna maganaɗisu ke iya ji. A polima haɗarin ya fi yawa, domin da ferik kulorayid, wani gishirin ƙarfe, ake yawan haɗa polimar polipirol, polimar PEDOT ma sau da yawa da gishirin ƙarfe ake yinta. Wanki da ruwa da metanol ba ya kwashe shi duka.

A ganinmu nan tushen rikicin yake: ƙarfin na'urorin awo ya wuce tsabtar teburin aiki. Wanda zai yi iƙirari ya yi aiki da hantsakin roba ko na tangaran, ya auna mariƙin samfurin shi kaɗai ya cire sakamakon daga awonsa, ya ƙidaya ƙarfe da nikel da kobalt da na'urar ICP-MS mai gano burbushin sinadarai a kan ainihin gutsuren da ya auna. Sannan ya duba zanen da ke nuna yadda maganaɗisun ke sauyawa da zafi, a wajen kelbin 120. Idan ya ga lanƙwasa a wurin, alamar magnetait ce.