Facebook kyauta, WhatsApp kyauta, TikTok kyauta: to wa ke biyan kuɗin?

Duk majalisar da zancen kafafen sada zumunta ya tashi, sai ka ji wani ya ce masu kafafen nan ba su taɓa karɓar ko sisinsa ba, amma kullum ana lissafa su cikin manyan attajiran duniya. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Idan ba ma biyan su, daga ina kuɗin ke fitowa? Ko kashe-mu-raba suke yi da kamfanonin layin waya?

Kuɗin datar da ka saya na kamfanin layinka ne, ba a yanka wa Facebook wani kaso duk lokacin da ka buɗe shi. Talla ce ke ciyar da su. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 135, kuma kusan kashi 98 cikin ɗari daga talla suka fito.

Ka ɗauka wani mai fili ne ya buɗe kasuwa, ya ce kowa ya shigo ba kuɗin ƙofa, ya kafa rumfunan hira, ya bar jama'a su riƙa nishaɗantar da junansu. Bai ɗauki makaɗi ko ɗaya haya ba, mu ne makaɗan, mu ne 'yan kallon. Da wuri ya cika maƙil sai ya juya wajen masu haja ya ce duk mai son a ga kayansa ya biya. Abin da yake sayar musu shi ne idonka da mintocin da kake ɓatawa kana jan yatsa a kan waya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yaya ake sayar da tallar? Akwai farashi tsayayye kamar na gidan rediyo?

Babu. Gwanjo ake yi, kuma a nan asirin arzikin yake.

A ce wata matar aure a Kano tana haɗa turaren wuta da humra a gida. Ta ɗauki hoton kwalaben a kan farin zane, ta ɗora a shafinta, ta danna wurin da ake biya a tallata. Sai manhajar ta tambaye ta su wa take so su gani. Ta zaɓi mata, 'yan shekara 20 zuwa 45, mazauna Kano da Kaduna da Abuja, masu bibiyar kayan lefe da kwalliya. Ta faɗi abin da za ta iya kashewa a rana da adadin kwanakin, a ɗora mata harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake cira kan irin wannan talla a Najeriya tun farkon 2022. Shi ke nan, ta koma ta duba tukunyarta.

Daga nan, duk lokacin da wata amarya mai jiran gado a Kaduna ta buɗe wayarta, kafin hoto na gaba ya bayyana an riga an yi gwanjo a kan gurbin, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Mai turaren na ciki, mai atamfa na ciki, banki na ciki, kamfanin lemo na ciki. Kuma ba lallai wanda ya fi zuba kuɗi ne zai ci ba. Na'urar tana haɗa tayin da aka yi da hasashen ko wannan yarinyar za ta tsaya ta danna, da kuma ingancin tallar kanta. Shi ya sa ƙaramar 'yar kasuwa mai hoto mai ɗaukar ido takan kayar da babban kamfani a kan mutum ɗaya. Farashin kuma yana hawa da sauka kamar na tumatir: a ƙarshen shekara, lokacin da manyan kamfanoni ke rububin masu saye, yakan yi tsada.

Wanda ya kai sanarwa rediyo ya biya kuɗin kowane kunne, har da na dattijon da ke gona wanda ba ruwansa da humra. A nan kuwa an yi maka alkawarin kai kayanka ƙofar mai bukata. Wannan alkawari ne ya janye kuɗin talla daga jaridu a ƙasashe da dama.

To ta yaya suka san abin da nake so? Gaskiya ne waya tana sauraron hirarmu?

Kamfanin Meta ya sha musantawa, har shugabansa Mark Zuckerberg ya musanta da bakinsa a gaban Majalisar Dattawan Amurka a Afrilun 2018. Ni a ganina ma ba su da bukatar laɓe, domin abin da muke miƙa musu da hannunmu ya isa. Sun san garin da kake, irin wayarka, shafukan da kake bi, bidiyon da ka tsaya a kai da wanda ka wuce da sauri, da lambobin wayar da ka yarda su ɗauka. Shafukan intanet masu yawa kuma suna ɗauke da wata 'yar alama ta Meta da ke kai rahoton cewa ka leƙo ka duba takalmi ka fita ba ka saya ba. Gobe takalmin ya biyo ka Instagram.

Darajar wannan bibiya ta fito fili a 2021, lokacin da Apple ya tilasta wa manhajoji su nemi izinin mai iPhone kafin su bi sawunsa zuwa wasu manhajojin. Jama'a da dama suka ƙi. Meta da kansa ya ce matakin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. A gida ma batun ya taso: a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar.

Me ya sa suke haukan tara jama'a tun kafin su fara cin riba?

Saboda kafar sada zumunta ba ta da amfani sai da mutane. Wayar da ke hannun mutum ɗaya tak a gari, wa zai kira? Kowane sabon shiga yana ƙara wa na ciki dalilin zama, yana kuma janyo danginsa. Masu zuba jari sun san haka, shi ya sa suke sayen taron jama'a, su jira ribar daga baya. Facebook yana da shekara biyu kacal a 2006 lokacin da Yahoo ya taya shi dala biliyan 1, Zuckerberg ya ce albarka. Shekara ɗaya bayan nan Microsoft ya biya dala miliyan 240 don ya samu kashi 1.6 cikin ɗari kawai.

Sai dai yadda kasuwa ke ci haka take watsewa. MySpace shi ne sarki kafin Facebook. Kamfanin News Corp na Rupert Murdoch ya saye shi a 2005 kan dala miliyan 580, a 2006 kuma Google ya ƙulla yarjejeniyar talla ta dala miliyan 900 da shi. Aka shiga matse shi ya fito da kuɗi, aka cika shafukan da tallace-tallace har suka yi nauyi, a daidai lokacin da Facebook ke da shafi fes mai saurin buɗewa. Abokai suka fara zarewa, kowa ya tafi da nasa. A 2011 aka sayar da MySpace kan kusan dala miliyan 35.

Mu ma mun ga irinta da idonmu. Wanda ya yi samartaka wajen 2012 ya tuna dare nawa aka raba a manhajar hira ta 2go a kan ƙananan Nokia, da zamanin da tambayar lambar BBM ta mutum, wato ta manhajar hira ta wayoyin BlackBerry, ta zama abin yayi. Ba wanda ya yi shelar a tashi. WhatsApp ya zo, wayoyin Android suka yi araha, wata rana ka leƙa ka tarar ɗakin hirar ba kowa. Kuɗi kaɗai ma ba ya tara jama'a: Google da duk ƙarfinsa ya buɗe Google+ a 2011, ya rufe shi a 2019.

Idan sabon abokin hamayya ya taso, me manya ke yi?

Su saye shi, in ya ƙi sayuwa su kwaikwaye shi. Instagram yana da ma'aikata 13 lokacin da Facebook ya biya dala biliyan 1 ya ɗauke shi a 2012, mutane suna ta dariyar an yi asara. A 2014 aka sanar da cinikin WhatsApp kan dala biliyan 19. Snapchat ya ƙi tayin da aka yi masa, sai ga Instagram a 2016 da Stories, hoton da ke ɓacewa bayan awa 24, sak abin da Snapchat ya ƙirƙiro. Status ɗin WhatsApp da muke ɗora gaisuwar Juma'a a kai daga wannan kwaikwayon ya fito.

TikTok ne ya zo musu ta inda ba su zata ba. Na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin, kuma bai damu da su waye abokanka ba. Ka buɗe shi yau ba ka san kowa ba, zai jefo maka bidiyo, ya lura da daƙiƙa nawa ka tsaya, ya gyara na gaba, kafin sallar isha'i ya san ka fiye da maƙwabcinka. Wannan ya rushe katangar da Facebook ya dogara da ita, wato cewa duk 'yan'uwanka suna wurinsa. A Satumban 2021 TikTok ya sanar da cewa masu amfani da shi a wata sun kai biliyan 1. Instagram ya fito da Reels a 2020, YouTube ya fito da Shorts, duka gajerun bidiyo irin na TikTok. A Fabrairun 2022 Facebook ya ba da rahoton raguwar masu shiga kullum a karon farko a tarihinsa, hannun jarin Meta ya faɗi da kashi 26 cikin ɗari a yini ɗaya, darajar sama da dala biliyan 200 ta bi ruwa. Abin da ake faɗa a kai awanni ne, kuma awa 24 ce kowa ke da ita.

Masu ba da talla suna da ta cewa kuwa?

Sosai. Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, ya sallami ma'aikata masu yawa, ya sassauta dokokin abin da za a iya wallafawa. Manyan kamfanoni ba sa son a ga hajarsu kusa da zagi da kalaman ƙiyayya, sai suka ja da baya. A Yulin 2023 shi da kansa ya ce kuɗin talla ya ragu da kusan rabi. A watan ne ya sauya wa kafar suna zuwa X, a watan ne kuma Meta ya saki Threads, kishiyar Twitter, wanda ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar.

Mu fa, ina matsayinmu a wannan lissafi?

Ana son yawanmu, amma farashinmu a gwanjon ƙasa yake. A watanni uku na ƙarshen 2023, abin da Facebook ya samu a kan mutum ɗaya a Amurka da Kanada ya kai dala 68. A rukunin da suke kira sauran duniya, inda Afirka take, dala huɗu da rabi ne. Mai talla yana biya ne gwargwadon abin da yake sa ran mai kallo zai kashe, kuma aljihun mai kallo a Gusau ba ɗaya yake da na mai kallo a Landan ba.

Duk da haka ba su ƙyale mu ba, don ƙasashen masu kuɗi sun cika, kusan duk mai shiga ya riga ya shiga. Girma ya koma Indiya da Afirka da makamantansu. Wannan ne ya haifar da Facebook Lite a 2015 don ƙananan wayoyi da raunin sabis, da shirin Free Basics na shiga wasu shafuka ba tare da data ba, da aka ƙaddamar a Najeriya tare da Airtel a 2016, shekarar da Zuckerberg ya zo Legas kuma aka sanya Hausa cikin harsunan Facebook. Har igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna 2Africa, mai tsawon kilomita 45,000, Meta na cikin masu shimfiɗa ta. Wanda ya buɗe kasuwa ba zai ƙi gyara hanyar zuwa ba.

Wannan bambancin farashi ne ke ba masu bidiyon Hausa mamaki. Yaro ya yi barkwancin da mutum dubu ɗari biyar suka kalla, ya duba abin da ya shigo ya ga bai taka kara ya karya ba. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyonsa, bayan ya cika sharuɗɗa irin su mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, amma kashi 55 na kuɗi kaɗan ai kaɗan ne. Wanda Hausawan Saudiyya da Turai ke kallonsa yakan fi samu a kan adadin kallo iri ɗaya. Shi ya sa da yawansu suka fi dogara da tallar kai tsaye, mai shadda ko mai maganin gargajiya ya biya su hannu da hannu, ko kyaututtukan da ake turowa lokacin da suke hira kai tsaye a TikTok.

Shafina na kasuwanci yana da mabiya da yawa, amma 'yan kaɗan ke ganin abin da na ɗora. An rufe ni ne?

Galibi ba rufewa ba ce. Abin da ake ɗorawa ya fi ƙarfin abin da mutum zai iya gani, dole na'ura ta tace, kuma mai tacewar shi ne mai sayar da gurbin talla. A Janairun 2018 Facebook ya fito fili ya ce zai fifita abin da dangi da abokai suka ɗora a kan na shafukan kasuwanci da kafafen labarai. Mabiyan da kake ƙirgawa aro aka ba ka. 'Yan kasuwar da suka dogara da Twitter sun gane haka lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sauran kuma suka ɗanɗana ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida. Duk wanda ya sayi kayanka sau ɗaya, ka karɓi lambarsa ka rubuta a littafi.

WhatsApp fa? Shi ai ba talla a cikinsa.

Da haka ne. Waɗanda suka kafa shi, Jan Koum da Brian Acton, sun tsani talla, sun gwammace su riƙa karɓar dala 1 a shekara a wasu ƙasashe, kuɗin da aka soke a 2016. Dukansu sun bar kamfanin, Acton a 2017, Koum a 2018. Daga nan aka fara samun kuɗi ta hanyar cajin manyan kamfanoni kan saƙonnin da suke tura wa abokan cinikinsu, da tallan Facebook da Instagram da idan ka danna suke kai ka kai tsaye hirar WhatsApp da mai kaya, irin wadda mai turaren nan za ta fi so. A Yunin 2025 kuma Meta ya sanar da fara saka talla a ɓangaren Status, yana mai cewa ba za ta shiga cikin hirarrakin mutane ba.